Ɗakin Inna a Gindin Ɓaure

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya sa zafin tafin ƙafar nan ya lafa. A gaishe min da Baba Ƙarami ƙanin marigayi, da maiɗakinsa da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewa da ba ta da magani.

Kun ce in bar kiran waya, tunda kunnen ba ya kama magana, sai mu yi ta ɗaga wa juna murya maƙwabta suna zaton rigima ake. To ga ni na bi umarni. Ku nemo tabarau, don kun san ni da dogon zance in na riƙe abin rubutu, ba a banza kuka laƙaba min Mai Fensir ba tun ranar da na zo gaishe ku da shi soke a ɗankwali.

Na koma ofishinmu na zanen gine-gine. Teburin ɗanku yana nan daura da nawa yadda ya bar shi, har kofin shayin nan mai karyayyen hannu da na sha cewa zan jefar. Ranar farko ban tsinana komai ba, kujerarsa na zauna ina kallo har aka tashi. Washegari Oga ya kira ni ya ce aikin sabuwar unguwar da marigayi ya fara ni zan ƙarasa shi, wai duk ofishin ni kaɗai ke iya karanta rubutunsa. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka a gaban mutum, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Na san ya sha ba ku labarin aikin, amma kun san shi, in ya fara bayani sai mai sauraro ya yi gyangyaɗi. Bari in faɗa muku a gajarce. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ne suka haɗu a ƙungiya suka sami filin, suka ce a zana musu unguwa. Filin gangare ne, daga titi yake sauka har katangar da ke can ƙasa, bayan katangar kuma akwai tsohuwar unguwa ta mutanen da ba 'yan ƙungiyar ba. Ɗanku ya rantse ba zai zuba kwatar siminti ko ɗaya ba. Yakan ce wanda ya shimfiɗa wa ruwa siminti bai rabu da shi ba, maƙwabcinsa na ƙasa kawai ya tura wa. Sai ya zana kwarurruka marasa zurfi a gefen kowane layi, a shuka musu ciyawa, ruwa ya bi su a hankali ƙasa tana sha. Kowane gida da tankinsa a ƙarƙashin indararo, bishiyoyi a jere, abin da ya rage na ruwan kuma ya taru a tafki.

Kun tuna buhun garin katakon da kuka gani a bayan motarsa, har kuka tambaye shi ko kafinta ya koma? Da shi yake gano hanyar ruwa. In hadari ya haɗu mutane suna neman mafaka, shi sai ya zura takalmin roba ya nufi fili. Ya watsa garin a kan ruwan da ke gudu, ya bi shi a baya, yana kakkafa turaku. Jan turke na ruwa ne, farin turke na gida. Ya dawo min jiƙe sharkaf, yana atishawa yana murna, ni ina faɗa ina dafa masa ruwan zafi.

Ɗakinku yana nan a zane, a fulotinmu na gindin ɓaure, tagarsa tana kallon bishiyar kamar yadda ya yi muku alkawari. Na je na duba, fararen turakun suna tsaye, har wanda ya rubuta Inna a jikinsa da fenti. Ku ci gaba da ɗinkin labulen tagar. Abin da ya fara, in Allah Ya yarda, zan kai shi ƙarshe.

Jikarku, takwararku, tana gaisuwa. Ta ce in gaya muku ita za ta kwana a gadon bakin taga, ku sai dai ku nemi tabarma, don ta san labarin minsharinku.

Taku har kullum,
Mai Fensir

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau. Ya jikin, ya sanyin damina, ya mutanen gida? Takardarku ta iso, na karanta ta har na kusa haddacewa. Na ji kun gama labulen kun sa masa leshi a baki. Allah Ya ƙara wa idanun nan haske.

Akwai maganar da nake ta juyawa a raina. Na rubuta na yaga, na sake rubutawa na yaga. Gara dai ku ji ta daga gare ni.

Damina ɗaya tak Allah Ya ba ɗanku a filin nan, kuma ita ce ta bara da ruwa bai yi yawa ba. Ya so ya ƙara da ta bana kafin a sa katafila, to ita na je in yi masa. Ranar da aka tafka babban ruwan nan na sa takalminsa, ya yi min yawa sai da na cusa tsumma, na ɗauki ragowar buhun, mai awon ofishinmu yana biye da ni da turaku.

Daga sama komai ya tafi yadda ya zana. Inda ya ce ruwa zai bi, nan ya bi, har na riƙa jin kamar yana gabana yana nuna min da yatsa. Haka muka gangaro kusa da ɓauren. A zanensa, babban kwarin in ya zo nan sai ya lanƙwasa, ya kewaye fulotinmu ya wuce tafki, har ya sa an ɗan haƙa shi na gwaji kafin ya kwanta ciwo. Duk wanda ya ga lanƙwasar nan a takarda sai ya yaba, Oga ma cewa yake ita ce kwalliyar zanen. Inna, ruwan bai lanƙwasa ba. Ya haye bakin kwarin ya miƙe kai tsaye, garin katakon ya shiga tsakanin fararen turakunmu ya yi ta kewayawa har ya kwanta. Na tsaya a tsakiyar ɗakinku ruwa yana shiga min takalmi ta sama. Da wurin ya cika sai ya tumbatsa zuwa layin ƙasa, inda fulotin wata ungozoma yake da na wasu malamai, ya tokare da gindin katanga.

Na koma a ruwan da ya biyo baya, da wanda ya biyo bayansa, ina roƙon Allah Ya ƙaryata ni. Na yi lissafi ta kowace fuska. Gindin ɓauren nan shi ne wuri mafi kwari a duk filin, nan tafkin ya kamata ya zauna.

Na san ranar da aka haifi lanƙwasar nan. Ranar da ya kai ku ganin fili ce, kuka gaji kuka zauna a inuwar, kuka tuɓe takalmi kuka ɗora tafin ƙafa a ƙasa, kuka ce wurin da sanyi, rabonku da jin zafin ya lafa haka har kun manta. Ya juyo ya kalle ni yana murmushi. Da muka koma gida ko abinci bai tsaya ci ba, ya shimfiɗa takarda. Ba laifinku ba ne, ba kuma ina cewa nasa ba ne. Da ruwan da ya gani da idonsa, lissafinsa daidai yake.

Yanzu hanya biyu ce. Ko a mai da tafkin gindin ɓaure, ya cinye fulotinmu shi kaɗai, kowa ya tsira. Ko kuma abin da shugaban ƙungiyar ya kawo, Allah Ya saka masa, don da kyakkyawar niyya ya zo: a cike fulotinmu da ƙasa a ɗaga shi, a kewaye shi da siminti, a binne ƙaton bututu da zai kwashe ruwan ya fitar da shi ta ƙarƙashin katanga. Ya ce 'yan ƙungiya ba za su yarda a taɓa rabon marigayi ba. Ban ba shi amsa ba tukuna.

Ku yi min addu'a, zuciyata ba daɗi. Ina jiran abin da za ku ce.

Taku,
Mai Fensir

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya, ya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Baba Ƙarami ya zo, ya kuma isar da saƙo har da ƙari. Mutumin da muka saba tsokanar juna, in ya shigo ya wuce kicin ya buɗe tukunya, ranar ko ruwan da na kawo masa bai taɓa ba. Ya ce kun yi kuka, kun naɗe labulen kun sa a ƙasan akwati. Wannan ya isa ya hana ni sukuni. Amma bai tsaya nan ba. Wai an kawo min hanya mai sauƙi ina taurin kai don in nuna na fi yayansa ilimi. Wai ni da sauran ƙuruciyata, gobe zan yi wani auren, shi ya sa nake gaggawar share sawunsa. A gaban takwararku ya faɗi haka. Ban iya haɗiyewa ba, na mayar masa, har na ce masa ni na yi jinya shi yana turo gaisuwa ta waya. Wannan kam ban kyauta ba, ku ba shi haƙuri. Sauran maganar ban janye ba.

Bayan tafiyarsa na zagaya bayan katangar, don ban taɓa shiga tsohuwar unguwar nan da ƙafata ba, a takarda kawai na san ta. Kusan kowace ƙofa an tada mata dokin ƙofa da bulo, sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai zai shiga. Shatin ruwa yana nan a jikin bango, ya kai min gwiwa. Katifu a shanye kan katanga. Wata tela irinku na tarar ta ɗora kekenta a kan benci biyu, tana takawa a tsaye, ta ce tun farkon damina haka take ɗinki. Ba ta san ko ni wace ce ba, ta matsa min kujera. Wannan fa filinmu yana fili ke nan, ƙasa tana shan rabonta. Bututun shugaba daidai layin matar nan zai buɗe baki.

Ba zan ce muku da yana raye ga abin da zai yi ba. Ban sani ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Mutum ne da bai taɓa iya ce muku a'a ba, wataƙila da ya binne bututun ya yi ta jin ciwon abin har tsufansa. Wataƙila da ya zo ya durƙusa a gabanku, ku yi masa faɗa ku yafe, don shi ɗa ne. Ni ban da wannan gatan. Abu biyu ya bar min, alkawarin da ya yi muku da aikin da ya ba ransa, na ce muku zan riƙe duka, ga shi hannuna ya kasa.

Ni ma gidana ne, Inna. Ni na zana kicin ɗin, na sa tagarsa ta kalli ɗakinku don in riƙa jin kiranku. Ba wanda ya tambaye ni wannan.

Ƙungiya za ta yi taro mako mai zuwa, dole in kai musu zanen ƙarshe, don 'yan kwangila suna jiran ruwa ya ɗauke. Ko layi ɗaya ne ku rubuto min, ko faɗa ne zan karɓa.

Taku mai neman afuwa,
Mai Fensir

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida kowa da kowa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum in na dawo sai na tambayi maigadi ko an kawo saƙo, har ya fara girgiza min kai tun daga nesa.

An yi taron. Na tsaya a gabansu na ce tafki zai koma gindin ɓaure, ba za a binne bututu ba. Shugaba ya yi ta lallashi, wasu suka ce in sake tunani. Ungozomar nan ta miƙe ta ce a ba ni fulotinta ita ta haƙura, matar da ta ƙare ƙarfinta a gidan haya da yara cike da ɗaki. Na gode mata na ce a'a. Fulotai duk an riga an raba su, ba zan tashi wani in zauna ba. Da suka ga ba zan motsa ba sai suka amince.

Gyaran a kwamfuta na yi shi. Na zaci zan sha wahala, ashe ko ruwan kofi ɗaya mutum ba zai gama sha ba an gama. Na danna, lanƙwasar ta miƙe, gidanmu ya ɓace, shuɗi ya maye wurin. Saurin abin ne ya fi yi min ciwo. Babbar takardar da ya zana da hannunsa kuwa ban taɓa ta ba, na naɗe ta na kawo gida.

Mai awo ya ce zai tura leburori su cire turakun. Na ce ba wanda zai taɓa su sai ni. Ƙasar ta yi laushi, ɗaya bayan ɗaya suka yi ta fitowa ba gardama. Naku na bari ƙarshe. Na daɗe a tsugune a gabansa, fentin ya ɗan koɗe amma hannunsa ne, da yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe. Na cire shi, na kafa ja a raminsa. Naku yana nan a bayan ƙofar ɗakina.

Na yi wannan ba da izininku ba, na sani. In kun ce ba za ku sake kallona ba, ba zan ce kun zalunce ni ba. Sai dai ga magana ɗaya. Ƙaramin ɗakin nan na gidan da muke haya, inda yake tara takardunsa, na kwashe komai na sa an yi fenti. Ba ɓaure, ba inuwa, bene ne kuma sai an hau. Amma naku ne duk ranar da kuka so.

Takwararku ta tambaye ni ko gidanmu ya nutse. Na ce mata ba a gina shi ba balle ya nutse. Ta ce to ina za a sa gadon bakin tagar. Na tura ta ta yi aikin makaranta.

Taku ko kuna fushi,
Mai Fensir

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya ƙafa, ya muka ji da shigowar wata daminar? Allah Ya sa ta zo mana da albarka. A gaida Baba Ƙarami, a ce masa tukunya tana nan inda ya san ta.

Duk tsawon rani na yi ta rubuto muku ba amsa, ban kuma yi mamaki ba. Jiya sai ga direban motar garinku ya kawo min ƙunshi ƙarami. Na buɗe ina neman takarda, babu. Tef ɗin awonku ne, tsohon nan mai ruwan ɗorawa da kuke ratayawa a wuya, wanda lambobin farkonsa suka goge. Direban ya ce cewa kuka yi a ba Mai Fensir ta auno taga. Na zauna a matakalar bene da shi a hannu, har maƙwabciyata ta fito ta tambaye ni ko wani abu ya sake faruwa.

Kafin awon, bari in ba ku labarin fili. An haƙa tafkin, an bar wa ɓauren tudu kewaye da gindinsa. Ciyawar kwarurrukan ta kama. Layin ƙasa har wasu sun tare, ungozoma ma ta shiga ko fenti ba ta jira ba. Shekaranjiya aka yi ruwa mai ƙarfi, na sa takalminsa na tafi. Ruwan ya sauko a hankali yadda ya so, layi bayan layi, ƙasa tana sha, ragowar ya zo ya kwanta a gindin bishiyar, bai wuce nan ba. Na zagaya bayan katanga, na tarar telar nan ta sauke kekenta ƙasa tana ɗinki a zaune. Ba ta san dalili ba, ta ce bana dai Allah Ya taimake su. Na ce mata haka ne.

Na so in yi murna, Inna, na kasa. Aikinsa ya yi kyau, duk abin da ya faɗa ya tabbata, shi kuma bai gani ba. Na koma bakin tafkin na tsaya ina ƙiyasta inda ɗakinku yake. Ganyen ɓauren yana ta faɗowa daidai wurin. Shugaba ya sa an kafa benci a tudun, in kun zo zan kai ku ku tuɓe takalmi, har yanzu ƙasar da sanyinta.

Na auna tagar. Faɗinta inci talatin, tsawonta arba'in, na ƙara da abin da ya goge a bakin tef ɗin kamar yadda kuka koya min. Gara in faɗa muku tun yanzu, bangon gidan maƙwabta take kallo, ba abin gani sai bututun ruwansu. Labulen da kuka ɗinka na babbar taga ne, wadda ya zana muku, zai yi wa wannan yawa ƙwarai, sai kun sa masa almakashi. Na san girman abin da nake roƙo. Ni ma na sa wa gidana almakashi.

In kun yanke, kada ku yar da ragowar. Ku taho min da ita, zan naɗe takardarsa a ciki.

Ku sanar da direban ranar da za ku taso, mu zo tasha. Takwararku ta ce ta bar muku gadon, ita za ta kwana a tabarma, minsharin ma ta yafe.

Taku, 'yarku,
Mai Fensir